Yadda za ki sa Umma ta baki labarin haihuwarki, da na uwar da ta haife ta

Wani tsohon buhu ne ya sa na fara wannan abin da zan koya muku. A gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka dake Washington na ganshi, gidan da aka buɗe a 2016, lokacin ina da cikin fari wata shida, kuma wata dattijuwa maƙwabciyarmu baƙar Ba'amurkiya ce ta matsa min muka je tace tafiyar ƙafar ma zata min amfani. Buhun auduga ne duk ya dafe, a jikinsa an yi rubutu da zare da allura layi goma. Wata mata mai suna Ruth Middleton ce ta ɗinka rubutun a 1921, tana cewa uwar kakarta, Rose, ita ta ba 'yarta Ashley wannan buhun lokacin da aka sayar da yarinyar tana shekara 9 a jihar Karolina ta Kudu. Abinda ta zuba mata a ciki wata yagaggiyar riga ce, da tafi uku na wani ɗan itace mai ɓawo da suke kira pikan, sai kitso guda da ta yanko daga kanta, ta kuma ce ma yarinyar buhun cike yake da soyayyarta har abada. Basu sake ganin juna ba.

A mota muna dawowa dattijuwar take min bayanin abinda ban taɓa sani ba. Tun 1662 aka yi doka a yankin Virginia na Amurka cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi, in uwa baiwa ce to abinda ta haifa dukiyar ubangidanta ne, kinga kenan cikin da mace take ɗauke dashi an riga an masa kuɗi tun kafin ta ji motsinsa. Kusan mutum miliyan ɗaya aka kwasa daga jihohin kudu na sama aka kai can ƙuryar kudu gonakin auduga kafin yaƙin basasarsu, ana raba uwa da 'ya a kasuwa. A ƙidayar 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunan bayi, shekaru kawai da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan mai su, sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta su da sunayensu. Bayan an 'yanta su a 1865 mutane suka yi ta saka cigiya a jaridu shekara da shekaru, wata na neman uwarta da aka sayar, wata na neman 'yarta. Shi yasa tace a gidansu ba a wasa da sunan kaka, duk shekara suna taron dangi kuma sai an zaunar da tsofaffi sun yi magana yara na ji.

Sai ta juyo tace min ai ku kun more, ke da kika zo daga can kin san kakanninki har bakwai. Wallahi shiru nayi. Na san Umma, na san Inna wadda ta haifi Umma, amma ko ainihin sunan yankan Inna sai da nayi tunani, uwar Inna kuwa ban taɓa jin ko laƙabinta ba. Babu wanda ya sayar da mu, a hannun su biyun na tashi, na kwana a bayan Inna shekara nawa, amma ban san a wane ɗaki aka haife ni ba, ban san ko Umma ta sha wuya a naƙudata ba, ga ni kuma saura wata uku in shiga tawa a ƙasar da ba ni da kowa. Kunya da kara ne suka rufe mana baki mu duka, ita bata faɗa ba ni ban tambaya ba. To shekarun da suka biyo baya na koyi yadda ake buɗe wannan ƙofar ba tare da an zubar da girman kowa ba, shine nake so in zayyana muku dalla dalla.

Abu na farko dan Allah kada ki je ki zauna gabanta da waya a hannu kice Umma ina so ki ban tarihin rayuwarki. Zata kalle ki tace tarihin me, ko tace ke dai Allah ya shirye ki, magana ta mutu kenan kuma sai kin daɗe kafin ki sake samun fuska. Iyayenmu basa magana ido cikin ido a kan irin wannan. Ki nemi lokacin da hannu ke aiki ido na kallon wani wuri, tana miki tsifa ko kina mata, kuna gyaran zogale, kuna tsince shinkafa, kuna yankan kuɓewa ta shanya, ko bayan isha'i an ɗauke wuta kowa na kwance a tabarma. Lokacin kitso ya fi kowanne domin kanki na kan cinyarta bata ganin fuskarki, kuma abin mamaki maƙwabciyata tace su ma haka ne, yawancin abinda ta sani na uwarta a kicin ta ji shi ranar asabar da dare ana gyara mata gashi saboda zuwa coci. In kina nesa kamar ni, ki bar kiran bidiyo, saƙon murya na WhatsApp ya fi. Ki tura tambaya guda ɗaya gajeriya ki ƙyale ta, zata amsa lokacin da ta ga dama ita kaɗai a ɗaki, kuma zaki sha mamakin yadda minti biyu ke zama minti goma sha biyar. Tsakaninmu da gida awa 5 ne da bazara, awa 6 da hunturu, ni nakan tura kafin in kwanta in tashi in tarar ta amsa bayan asuba.

In ke 'yar fari ce aikinki ya fi wuya, kin san dai ko sunanki wata uwar bata faɗa balle ta zauna baki labarin ranar da ta haife ki. Kada ki ɗauka ƙi ne kuma kada ki tsaya faɗa da al'adar, ki zagaya. Ki fara ta wajen kaka in tana raye, domin tsakanin kaka da jika akwai wasa, abinda uwa zata ji nauyinsa kaka dariya zata yi ta faɗa miki har da ƙari. Sai ƙanwar Umma ko yayarta, sai goggo, sai aminiyarta ta ƙuruciya wadda suka yi talla ko makarantar allo tare. In kin samo guntun labari daga wajensu sai ki kawo ma Umma a matsayin gyara, kice Umma wai Inna tace da damina aka haife ni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba zata iya jurewa ba, sai tace ina, ai ruwan ya ɗauke tun la'asar, daga nan kin shiga. Wannan dabarar ta gyara ita ta fi min aiki a kan komai.

Tambayoyin farko su zama ƙanana marasa nauyi. Me kika yi kwaɗayi da cikina, warin me kika ƙi, gida kika tafi goyon ciki ko a ɗakinki kika zauna, wa ya yanke min cibi, wa ya miki wankan jego, da ganyen me, wane zane kika ɗaura ranar suna, da wane zane aka fara goya ni, wata nawa na sha nono, wajen wa aka kai ni yaye. Kinga duk babu wadda zata sa ta sunkuyar da kai, amma kowace tana jawo mutum, in tace wance ce ta min wanka sai kice wacece wance, sai ga wata tsohuwa ta fito da ba ki taɓa jin sunanta ba. In kin gama da naki sai ki matsa baya taki ɗaya, Umma ke fa wa ya miki yaye, Inna haihuwa nawa ta yi, su waye suka rayu. Kada ki jero tambaya biyar a zama ɗaya, guda biyu sun isa, kuma in ta kauce ta shiga labarin wata maƙwabciya da ba ki tambaya ba ki barta ta tafi, sau da yawa labarin kanta take baki a cikin na maƙwabciyar.

Maganar shekaru kuma, kada ki tambayi tsohuwa a wace shekara, ki tambaye ta me ake ciki a gari. Ke ce zaki koma ki lissafa. In tace ina goyon yayanki aka kashe Sardauna, Janairun 1966 kenan. In tace shekarar canjin hannu, 1972 ce motoci suka koma dama. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo 1973, kuma lokacin ne ake cikin babban farin nan da ya kashe dabbobi. Kashe Murtala Fabrairun 1976, shekarar ce kuma aka fara kwasar yara zuwa firamare kyauta. Rikicin Maitatsine a Kano Disambar 1980. Mutanen Nijar kuma sukan ce shekarar da Kunce ya hau mulki, 1974. Sai ki haɗa da watan musulunci, da azumi ne ko tsakanin salloli ko watan takutaha, da kuma yanayi, kaka ce ana girbi ko sanyi ko zafi. Da waɗannan ukun zaki iya matse haihuwa cikin wata biyu ko uku ko da babu takardar asibiti. Haka na gano Umma ta girmi abinda ke rubuce a fasfonta da shekara biyu.

Sunaye ma kansu labari ne, ki buɗe kunne. Da yawan tsofaffinmu da laƙabi aka san su har suka koma ga Allah, jikoki basu taɓa jin sunan yanka ba saboda ana sakaya shi. Ki tambayi duka biyun ki rubuta. In kika ji Delu ko Kande to mace ce da ta biyo bayan maza, Tanko namiji ne bayan mata, Gambo ya biyo tagwaye, Azumi da azumi ta zo, Talatu da Laraba da Jummai ranar haihuwarsu suke faɗa miki. In kuwa kika ji Ajuji to ki sassauta murya, uwar ta yi wabi, ta binne 'ya'ya kafin wannan ta tsaya. Uwar Inna ashe Ajuji ake ce mata, kuma daga wannan sunan kaɗai na gane abinda matar da ta haife ta ta gani a duniya tun kafin kowa ya ban labari.

Yanzu ga ɓangaren da nake roƙonku kada ku tsallake ko da kun bar sauran, ɓangaren lafiya. A Amurka alƙaluman hukumar lafiyarsu na 2021 sun nuna baƙar mace 69.9 cikin kowace haihuwa 100,000 ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa, farare kuma 26.6, wajen ninki biyu da rabi kenan a ƙasar da ke da injina da likitoci. Har mako guda suka ware duk shekara daga 11 zuwa 17 ga Afrilu domin maganar lafiyar baƙaƙen iyaye mata. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis, da duk kuɗinta da sunanta, washegarin haihuwarta a 2017 numfashinta ya fara sarƙewa, da yake ta san tana da matsalar daskarewar jini tun da can ita ta dage sai an mata hoton huhu, aka yi aka tarar da gudajin jini. Sanin jikinta ne ya bata bakin magana. Mu kuma a gida ba sai na faɗa muku ba, kowace cikinmu ta san wadda ta tafi wajen haihuwa.

Ranar farko da naje awo sun miƙo min takarda shafi uku rabinta tambayar tarihin uwa da 'yan uwa mata ne, na cike kusan duka da babu alhali ban tambayi kowa ba. Daga baya na ji Umma ta kumbura sosai da cikin ƙanina har zobe ya ƙi fita, kuma ƙanwarta ta yi jijjiga a haihuwar fari. Wannan abin yana bin jini, in uwarki ko 'yar uwarki ta yi hawan jinin ciki to ke ma haɗarinki ya ƙaru kuma likita na buƙatar ya sani tun farko domin akwai matakin da ake ɗauka. Don haka ki tambaya, amma da kalmomin da suka sani. Kada kice Umma kin yi hawan jini, zata ce a'a tunda ba a auna ba. Kice ƙafarki da fuskarki sun kumbura, kin yi ciwon kai mai tsanani, idonki ya yi duhu ko kin ga wasu taurari, akwai wadda ta yi jijjiga ko aka ce iska ce ta taɓa ta tana naƙuda. Ki tambayi zubar jini bayan haihuwa, ko an taɓa ƙara mata jini, ko mabiyiya ta taɓa makalewa. Kwana nawa take naƙuda, an taɓa mata aiki, jariran manya ne ƙwarai domin wannan kan nuna sugan ciki, an yi bakwaini, akwai tagwaye a dangi. Ki tambayi jinin al'ada mai yawa da ƙarin mahaifa, domin wani bincike a Amurka ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata kan same shi kafin su kai shekara 50. Ki tambayi ciwon daji na nono ko na mahaifa, da yaran da suka yi ta ciwon ƙashi da shawara suna rasuwa da ƙuruciya domin wata ƙila sikila ce ba a gane ba. Sannan a hankali ki tambaya ko bayan wata haihuwa ta taɓa jin duniya ta mata ƙunci, kuka ba dalili, ta kasa barci, ta ji bata son ɗaukar jaririn. A da maita ko aljanu ake cewa, yanzu an san ciwo ne mai magani. Duk abinda kika samu ki rubuta a takarda ɗaya daban ki saka cikin katin awonki, ki tura ma ƙannenki mata su ma.

Daga nan zaku zo inda ra'ayi ya bambanta, kuma nan ne ake yawan ɓatawa tsakanin uwa da 'ya, musamman in ta zo miki zaman jego. Ita abinda aka mata ta rayu shi zata miki, tafasasshen ruwa safe da yamma da ganyen darbejiya har arba'in, kunun kanwa kofi kofi, wata ma har kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙasa. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kumbura bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kanwa da wannan zafin, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Haka maganar matse dakashi a zubar, alhali shine rigakafin farko na jariri, da ba shi ruwa kafin wata shida, da kiran wanzami ya cire beli. Ki san me zaki karɓa da me ba zaki karɓa ba tun kafin ki haihu, kuma ku yi maganar tun da ciki kada ki bari sai ruwa na kan wuta. Yadda zaki faɗa shine komai. Kada kice wannan ai jahilci ne ko ku mutanen da, kin kashe zancen kin kuma ji mata ciwon da zai daɗe. Ki fara da tambayarta dalili, Umma me yasa ake yin kaza, zata ce don jiki ya haɗu, don nono ya kawo, don kada sanyi ya shige ki. To dalilin nata gaskiya ne, so take ki warke. Sai kice likita yace jinina na hawa, kanwa zata min illa, amma kunun gyaɗa da na tsamiya ki dama min ko sau nawa ne, ruwan ma a sirka shi yadda fata zata ɗauka. Ki bar mata duk abinda ba cutarwa, gashin nama da kayan ƙamshi, farfesun kayan ciki, tausa, ɗaurin ciki in ba aiki aka miki ba, wankan jariri, turaren wuta nesa da hancin yaro, addu'o'inta. In kika ƙwace komai daga hannunta tamkar kin ce mata zuwanta bai da amfani ne. Maƙwabciyata ta ban labarin irin wannan da tata 'yar, ita a zamaninta rub da ciki ake kwantar da jariri, sai a 1994 aka fara gangamin a kwantar da su rigingine saboda mutuwar farat ɗaya cikin barci, tace sai da ta yi kwana biyu tana jin haushi kamar an ce bata iya reno ba, kafin ta sauko.

Wata rana kuma zaki taɓo inda ke ciwo, ba makawa. 'Ya'yan da suka rasu, ɓarin da ba wanda ya sani, auren fari da aka mata tana ƙarama, kishiya, sakin da ya raba ta da yaro, ko ita kanta da aka ɗauke ta daga gaban uwarta aka ba wata riƙo tana shekara huɗu. A wasu gidajen namu ma in aka yi nisa baya za a tarar da kaka wadda kamo ta aka yi ko sayo ta, domin an yi bauta a ƙasar Hausa kuma ba a son maganar. In kika ji muryarta ta canza ki kashe rikodin, ki ajiye biro. Kada ki cika wurin da surutu kuma kada ki ce ai da kin yi kaza. Ki yi addu'a ga wanda ya rasu da sunansa in ta faɗa, kice Allah ya sa mai ceto ne, ki tashi ki kawo mata ruwa. Umma ta haifi wata kafin ni wadda ta kwana 9 a duniya, ina da shekara talatin da ɗaya na fara jin sunanta, kuma da ta faɗe shi sai ta maimaita sau biyu a hankali kamar mai ɗanɗana abu. Daga baya ki tambaye ta a fili wanne zan iya gaya ma ƙannena wanne kuma tsakaninmu ne. Abinda tace a rufe ki rufe shi ko bayan ranta, kuma kada ki taɓa ɗaukar muryarta a ɓoye ko ki saka a Facebook ko rukunin dangi ba da izininta ba.

Zan ƙara da wannan domin na san akwai masu karantawa da zuciyarsu ke cewa ni fa tsakanina da tawa uwar ba daɗi. Akwai wadda ta sha duka, akwai wadda aka fifita wani a kanta, akwai wadda bata taɓa jin kalma mai taushi ba. Ba zan ce jin labarinta zai goge wannan ba. Amma ki gwada tambayar shekararta nawa lokacin da ta haife ki da kuma wa ke gefenta a lokacin. Da na lissafa na ga Umma na da shekara 17 tana goyona tana daka tana ɗebo ruwa a gidan da ba ta da kowa, sai wasu abubuwan da na riƙe tun ina yarinya suka canza kama a idona, ban manta ba amma na daina tambayar kaina me na mata.

In kuma taki ta riga ta rasu, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta, kada ki ce an rufe littafi. 'Yan uwanta da ƙawayenta suna nan, kuma zumunci da su ma wani nau'in biyayya ne gare ta, Annabi (SAW) ya kasance yana yanka akuya ya aika ma ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Ki je da ɗan goro ko turmin atamfa ko abinda ya sawwaƙa, ki fara da wadda ta fi tsufa domin lokacinta ya fi ƙurewa. Ungozomar unguwa in tana raye kada ki wuce ta, ita ta san abinda ya faru a ɗakin da ba a bar kowa ya shiga ba.

Ajiya kuma, waya ba wurin ajiya bace, ta faɗa ruwa ko an sace ko kin canza layi shikenan muryar ta tafi. Duk saƙon da ta turo ki tura shi imel ɗinki a ranar, ki sa masa suna da kwanan wata, ki tura ma mutum ɗaya cikin 'yan uwanki da kika yarda dashi. Sannan ki sayi littafi mai kauri mai bango ki rubuta da hannunki da Hausa, yadda ta faɗa, kada ki gyara mata magana kada ki mayar turanci, in tace shekarar da aka yi fara ki rubuta hakan sai ki sa lissafinki a gefe. Baƙaƙen Amurka da yawa a shafin farko na Baibul ɗin gida suke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, na maƙwabciyata rubutun hannun mata huɗu ne a jere kowace da irin tawadarta. A wani ƙauye kuma da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama mata sun gaji ɗinkin bargo daga tsummokaran tufafi uwa na koya ma 'ya tun zamanin bauta, har barguna suka shiga manyan gidajen tarihi. Mu ma muna da namu, ki roƙi Umma abu ɗaya tun tana raye, zanen goyo, saƙi, tasa ko kwalla daga jerenta, tsohon carbi, ludayin da take dama kunu. Ki rubuta a 'yar takarda na wacece, daga ina, wa ya bata, ki naɗe tare. Buhun Ashley a kasuwar gwanjo aka tsince shi a 2007 kusa da birnin Nashville cikin tarin tsummokara, kuma ba don layukan nan goma ba da babu mai ɗaga shi.

Kada ki jira 'yarki ta yi ciki kafin ki fara bata naki. Tawa shekararta bakwai, ina mata kitso ranar lahadi ina gaya mata an haife ta ana zubar ƙanƙara, Umma bata samu biza ba ta kwana kan sallaya da waya a gefenta, kuma tsohuwar gidan kusa da mu ce ta riƙe min hannu har ta fito. Tana iya jero sunayen yanzu, nata, nawa, na Umma, na Inna, sai Ajuji. Uwar Ajuji ce ta rage, kuma an ce akwai wata goggon Umma a ƙauye da ta haura tamanin wadda ta tashi a hannunta, na riga na tura ma ƙanwata kuɗin mota da tambayoyi uku ta kai mata da sallar nan.